Jirgin Taurari a Shagon Kaset

Kwanan baya wani jikana ya tarar da ni ina naɗe kaset da biro, ya tsaya yana dariya. Ya ce, "Kaka, wai da wannan ka ciyar da gida? Ai danna abu ne kawai." Ban ga laifinsa ba. Ku da kuka tashi kuka tarar ana tura murya Makka kafin shayi ya huce, dole ku ɗauka aikinmu wasa ne. To ku matso ku ji. Sunana Issaka, a zangon Tamale aka haife ni, kuma har yau in ka ce Issaka Mai Kaset, tsofaffin unguwar Changli sun san wanda kake nufi.

Aikin farko da maigidana a sana'a, Masta Yakubu, ya ba ni shi ne hura gawayi. Wutar lantarki a lokacin sai ta ga dama, don haka a kurfoti, wato murhun gawayi, muke gasa ƙarfen narka dalma. In ya yi zafi da yawa ya ƙone waya, in bai yi ba dalma ta ƙi kamawa, kuma duk biyun ni ne mai shan ranƙwashi. Na daɗe ban taɓa cikin rakoda ba. Abin da Masta yake yi, sai ya sa kaset, ya ce in juya wa injin baya, sannan ya tambaye ni, "Me ke damunta?" In murya tana ja kamar ta mai gyangyaɗi, bel ne ya saki. In tana fitowa kamar daga cikin tulu, kan da ke karanta zaren ne ya yi datti. In tana rawa, 'yar tayar roba ce ta cinye ta gefe ɗaya. Yakan ce, "Sukudireba kowa zai saya a kasuwa. Kunne ne ba a sayarwa."

Haɗa zaren da ya tsinke shi ne inda ake gane gwani. Kayan ba su da yawa: reza sabuwa, ɗan gilashin taga da za ka shimfiɗa zaren a kai, salatif, auduga da sifirit, sai biro mai kusurwa na naɗi. Za ka ɗora baki biyu na zaren a kan juna, ka yanka su tare a karkace, ka jera su kai da kai, ka manna ta baya. Ta baya na ce, ba ta gefen da murya take ba. In salatif ya leƙo ko da faɗin gashi ne, gobe rakodar mai kaya ta sake cinyewa, jibi yana bakin shagonka yana ambaton iyayenka. Kuma hannunka ya zama busasshe, a zafin Tamale, a cikin shagon katako mai rufin kwano. Bel kuwa in babu na saye, daga tsohon tub na keke muke yankowa.

Aikinmu kashi uku ne. Akwai gyara. Akwai juye, wato a kawo wa'azi ko waƙa ko kiɗan biki mu haɗa rakoda biyu da waya mu juye a kaset sabo. Sai na uku, wanda ya fi duka wuya, saƙon murya. Mutanenmu da yawa ba sa rubutu, kuma akwai maganar da uwa ba za ta faɗa wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba. Sai ta zo wurinmu, mu ja labule, mu aje mata makirufo. Matar da ke iya tada kasuwa da baki ɗaya, in ta ga jar fitilar nan ta kama, sai ta zama kurma. Dabarar ita ce ka ce ta fara da gaisuwa, ta gaida kowa da sunansa, kai kuma ka sunkuya kamar kana neman wani abu a ƙasa. Kafin ta gama gaisuwa bakin ya buɗe. Abin da ka ji kuma a nan zai mutu.

Wata rana da hantsi, bayan Masta ya tsufa ya koma garinsu ya bar mini shagon, sai ga Mma Azara mai koko ta tsallako titi riƙe da hannun wani dattijo. Rigarsa ta sha guga, da baƙin tabarau, da sanda, da jakar fata a rataye. Ta ce ta gan shi yana tambayar hanya tun daga bakin kasuwa. Ya laluba jakar ya fito da kaset, zarensa a waje kamar hanjin kaza.

Ya ce, "Kai ne likita na kaset? Injin na ya ci wannan. In ka kashe shi, ka kashe ni."

Mutumin Asante ne, Kirista, sunansa Mista Boateng, amma kowa Papa Safiyo yake ce masa, domin safiyon gwamnati ne a da. Ya yi shekaru yana awon ƙasa a bakin koguna, a can ya kwaso ciwon nan da ƙudan kogi ke kawowa, idon ya tafi a hankali. Matarsa ta rasu. Yana zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Kalpohin, 'yarsa tilo, Adwoa, tana aikin nas a Ingila.

Na buɗe kaset ɗin, na miƙar da inda ya cukurkuɗe da bayan farce, na yanke ɗan guntun da ba zai gyaru ba, na haɗa. Da na sa a rakoda sai na ji wani Bature yana ta magana, ba waƙa ba kiɗa, a bayansa kuma wani gunji kamar iska a cikin bututu. Na ce lallai da sauran ciwo, na jawo auduga da sifirit. Papa ya ji na kashe, ya tambayi dalili. Da na gaya masa sai ya tuntsure da dariya har yana buga sanda a ƙasa.

Ya ce, "Bar shi, ɗana! Wannan ba ciwo ba ne. Jirgi ne."

Ya zauna a benci ya yi mini bayani. Lokacin da yake Accra yana da ido, akwai wani wasa da ake nunawa a talabijin kowane mako, na mutanen da ke yawo a cikin jirgi tsakanin taurari. Bai taɓa bari ya wuce shi ba. Daga baya masu wasan suka riƙa rubuta littattafai na wasu tafiye-tafiyen jirgin, ana samun mai murya ya karanta a kaset. Adwoa takan aro su a ɗakin karatu na garin da take, ta juye a kaset nata, ta rubuta lamba a jiki, ta aiko ta gidan waya. Ya ce, "Fuska na su duka ina da shi a kai na. In mutumin nan ya karanta, ina gani."

Rakodarsa ta gida ta saba cin zare, gyara kuma ba ta jin magani, sai ya zama a shagona yake sauraro. Nakan je Kalpohin in ɗauko shi a bayan keke, in mayar da shi kafin magariba. Da farko shi kaɗai yake ji. Sai Haruna tela, maƙwabcina, ya gaji da ganin tsoho yana murmushi shi kaɗai, ya ce, "Papa, a raba mana mana." Daga ranar aka soma. Baturen ya yi magana, Papa ya ɗaga yatsa, in tsayar, shi kuma ya mayar da Hausa. Kafin wani lokaci ba ya ma ɗaga yatsan. Ni ba na jin Turanci sai na gaisuwa da na ciniki, amma ina jin inda mai karatu zai ja numfashi, a nan nake dannawa. Bayan la'asar benci ya cika: direbobin da ke jiran lodi, mai gyaran takalmi, wani malamin makaranta daga kudu da ke zuwa wai don ya kama Papa da kuskure, da Mma Azara in ta wanke tukwanenta.

Labarin na wasu ma'aikata ne a jirgin ɗaukar kaya, wata guguwa ta sama ta jefa su inda ba su sani ba, suna neman hanyar gida. Sunayensu sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Kyaftin, akwai Fita mai gyaran inji, akwai Auta, akwai Kuku, wanda ya fi kowa farin jini a bencinmu, domin ya shuka wake a cikin cikin jirgin, a tsofaffin bokitai, yana kai su gindin fitila. Direbobi sukan yi gardama a kan ko jirgin yana da giyar baya. Hausar Papa irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Mun daɗe muna girmama Kyaftin a matsayin jarumin namiji, sai ranar da Papa ya ce, "Sai Kyaftin ya tuna da miji na shi."

Haruna ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Papa, miji kuma? Namiji da miji?"

Ya ce, "Wa ya ce maka namiji ne? Mace ne!"

Benci ya kaure. Mma Azara ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ita dama tun farko ta sani, domin babu namijin da zai iya raba abinci daidai haka.

Akwai wani abu a ƙarshen kowane kaset. In karatu ya ƙare aka samu sauran zare, Adwoa takan ɗauki makirufo ta yi wa mahaifinta magana da yarensu, Twi. Wani lokaci gajere, wani lokaci da ɗan tsawo, har kana jin ƙarar cokali ko tari. Wannan Papa ba ya fassarawa, ba kuma wanda ya taɓa tambaya. In muryarta ta fito, Haruna ya koma kan kekensa, direbobi su tashi duba taya, ni kuma in shiga goge abin da ba shi da datti.

Sai shekarar nan ta zo, wadda duk wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ƙi sauka. Wutar daji ta cinye gonaki har da rumbuna. Ana cikin haka aka koro mutanenmu daga Najeriya, lori bayan lori, kowa da jakarsa da yunwarsa. Kantuna suka zama fayau. Batir ya ɓace, har mutane suna shanya tsoho a rana, wasu su ɗan tauna shi da haƙori ko zai ƙara yini guda. Ni batirin mota na samo wurin wani fita, ina kai masa caji a bayan keke. Amma kaset sabo babu shi ko na magani. Ƙunshin Adwoa ma ya daina isowa, ba mu san ko a can ya tsaya ba ko a hanya. Kuma a shekarar ne mutane suka fi buƙatar aika murya, domin kowane gida yana da wanda yake nema a wata ƙasa. Na shafe waƙoƙina duka na ɗauki saƙonni a kai. Na shafe na biki, na shafe na talla. Rana ta zo da kantata ba komai sai ƙura da fankon kwali.

Saƙon Mma Azara shi ne aikin da na fi tunawa a duk sana'ata. Ɗanta Fuseini yana Legas, kuma bai sauko daga ko ɗaya cikin lorin da suka dawo ba. Kullum takan je tasha ta tambayi waɗanda suka iso, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce bai san shi ba. A tsakiyar wannan mijinta ya kwanta, bai tashi ba. Bayan an yi sadaka ta zo shago da mayafin takaba, ta ce akwai wani fatake mai goro da zai bi ta Togo gobe da safe, ya san unguwar da 'yan Tamale suke zama a can.

Ta ce, "Issaka, ɗana, ina so yaron nan ya ji daga bakina."

Na ce, "Mma, wallahi ko ɗaya ba ni da shi. Bari in zagaya kasuwa."

Na zagaya, na dawo hannu wofi. Papa yana zaune a benci, ya ji duk abin da aka yi. Ya buɗe jakarsa, ya bi kaset ɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, domin ya yi musu alama da tsaga a gefe, ya zaro guda ya miƙo.

Ya ce, "Ɗauki wannan. Na waken Kuku ne. Mun riga mun ci shi."

Na ce, "Papa, in na ɗauka a kai, shi ke nan fa. Ba ya dawowa."

Ya ce, "Ni safiyo ne, ba yaro ba. Sa."

Adwoa takan ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset don kada a shafe bisa kuskure. Na cusa takarda a ramukan na rufe da salatif. Na nemo inda muryarta ta fara a gefe na biyu, na duba ta 'yar tagar kaset na riƙe yawan zaren a idona, na raɗa wa Papa cewa zan tsayar kafin a kai wurin. Na ja labule. Shi ma yana ciki, domin Mma ta ce ya zauna, ai ba ya jin yarenta, Dagbani, sosai.

Ta fara da gaisuwa kamar yadda na ce. Ta gaida Fuseini, ta gaida mai gidan da yake haya, ta gaida abokansa da ba ta sani ba. Daga nan ta soma. Ta gaya masa yadda ciwon ya fara, da abin da uban ya iya ci a ƙarshe, da wanda ya yi masa wanka, da inda aka sa shi. Ta gaya masa gonar ta ƙone. Na juya gefe na biyu ba ta ma lura ba. Ta gaya masa ƙanwarsa ta haihu an sa wa yaron sunan marigayi. Ta ce ba kuɗi take nema ba, kada kunyar dawowa hannu wofi ta riƙe shi, ƙofa ba ta tambayar abin da ke cikin jaka. Ni kuwa idona yana kan taga, zare yana ta raguwa. Ya kai wurin da na riƙe, ita kuma lokacin ta shiga faɗa masa abin da uban ya ce a gaya masa. Na kai yatsa kan maɓalli.

Sai na ji hannu a wuyan hannuna. Papa ne. Ya sha jin kaset ɗin har ya san tsawonsa ba tare da ido ba, kuma ya ji motsina. Ya girgiza kai. Bai sake ni ba sai da zaren ya ƙare, rakoda ta yi ƙas ta tsaya da kanta, daidai Mma tana sa albarka.

Ta share fuska ta ce, "Duk ya shiga?"

Papa ya ce, "Ya shiga duka, Mma."

Ba ta san abin da ke ƙarshen zaren ba, ba mu kuma gaya mata ba. A ranar, da muka isa Kalpohin, sai Papa ya ce in kula da ramin da ke bakin ƙofa.

Washegari na zo masa da dabara. Na ce tunda muryar Adwoa a ƙarshe take, zan iya yanke wutsiyar kowane kaset in naɗe a wani fanko, in mayar da farar ledar ƙarshe a kan abin da ya rage. Kaset zai ɗan gajarta, amma zai ɗauki saƙo. Ya ce, "To ka nemo reza mai kyau." Daga nan abin ya zama tsari. Duk wanda ya zo da saƙo na gaske, Papa ya zaro kaset ɗaya. Mu sa shi a benci a ji shi ji na ƙarshe, ya fassara, a yi gardama, a yi dariya. Da safe in yanke wutsiya in toshe ramuka. Wani mahauci ya aika wa ƙanensa a Abidjan. Malamin makarantar nan mai neman kuskure ya aika wa yayarsa a Jamus, ya fito daga bayan labule ba ya iya kallon kowa. Wata amarya ta aika wa mijinta a Libiya, rabin saƙon kukan jariri ne, domin ta ce shi ne abin da bai taɓa ji ba. Haka jirgin ya riƙa watsewa, da rubutun Adwoa a jikin kowane guntu.

Haɗa wutsiyoyin nan ya ci mini lokaci fiye da kowane aiki. Zaren ba iri ɗaya ba ne, wani kauri wani siriri, wani muryar ta fito da ƙarfi wani can ƙasa. Papa ne ya jera mini su. In sa guntu, ya saurara, ya ce wannan lokacin da ta fara aiki ne, wancan lokacin da ta yi mura, wannan bayan ta canza gida. Na manna su bi da bi a fanko mafi kyau da nake da shi, mai sukurori, ba na manne ba. Da na gama na sa masa a bayan labule na fito waje. Ya daɗe. Da ya fito sai ya ce, "Ban ji wurin haɗi ba ko ɗaya." Ya sa kaset ɗin a aljihun gaba na riga, ba a jaka ba.

Yunwa ba ta bar shi ya zauna ba. Fansho ya daina isa ko na kenke, tuwon masarar nan, danginsa suka aiko cewa ya koma ƙauyensu wajen Mampong, inda aƙalla akwai rogo. Lokacin kaset ɗaya ya rage na labarin, wanda ya zo a ƙunshin ƙarshe, ba mu taɓa jin sa a benci ba. Ranar jajibirin tafiyarsa mutane suka cika har bakin titi. Mma Azara tana gaba a kan kujerar tsugunno. Na danna, Bature ya yi magana, na tsayar, Papa ya ɗauka. Ya ce Auta ne ya fara hango ranar duniyarmu, ya gane haskenta. Ya ce Fita ya haɗa injin da waya da addu'a. Ya ce da suka sauko ƙasa ruwa ake yi, irin na farkon damina mai tada ƙamshi, Kyaftin ta cire takalmi ta taka laka. Kuku ya fito rungume da bokitin wake. Uwar Auta kuwa tana bakin fili, ta daɗe tana zuwa kullum ana ce mata ta haƙura, ta gane shi tun daga tafiyarsa. Direbobi suka yi tafi. Haruna ya ce dama ya faɗa. Mma Azara ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Alhamdu lillahi," kamar 'yan unguwarmu ne suka sauka.

Da safe na ɗauke shi a keke zuwa tashar Kumasi, akwatinsa a kan kariya, shi a kan sandar gaba. Muna tafe na ce, "Papa, in tambaye ka? Jiya Baturen kaɗan yake faɗa, kai kuma ka faɗi da yawa. Kuma har zare ya ƙare gunjin jirgin bai tsaya ba. Jirgin da ya sauka ai kashe inji yake yi."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kunne na ka zai kashe ka. Ba su isa ba, Issaka. Sun ga wani haske, sun bi, ba shi ba ne. Kaset ya ƙare suna hanya."

Na ce, "To a wane kaset suke isa?"

Ya ce, "Babu. Masu abin ba sa bari. In jirgi ya isa gida, me za su sayar gobe? Tun ina da ido suke hanya."

Na ce, "To me ya sa ka ce mana sun isa?"

Ya ce, "Wa ke zaune a gaba jiya?"

Na ci gaba da taka keke. A tasha na samar masa wuri kusa da taga, na ɗora akwatin. Ya zaro kaset na ƙarshen nan, wanda na riga na yanke wa wutsiya, ya ba ni ya ce in ajiye wa mai saƙo na gaba. Ya laluba fuskata da tafin hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ashe yaro ne kai." Lori ya tashi.

Ban ba kowa kaset ɗin ba, domin bayan tafiyarsa kaɗan kaya suka fara shigowa. Damina ta dawo, masara ta yi. Wata safiya sai ga Mma Azara da gudu, ba ko mayafi, riƙe da kaset. Tun daga nesa na gane rubutun Adwoa a jiki. Na waken Kuku ne ya dawo. Saƙonta ya bi hannu-hannu daga Legas har Kwatano, inda Fuseini yake dako a bakin teku, shi kuma ya ɗauki amsa a kai. Na sa mata. Yana da rai, ya yi kukan ubansa, ya ce zai zo da azumi. Kuma ya zo.

A ranar Haruna ya ce wannan labari bai kamata ya wuce Papa ba. Na ɗauko kaset ɗin da ya bar mini, na toshe ramuka, na fito da makirufo waje, ba labule. Mma Azara ta fara, ta ba shi labarin Fuseini da Hausa a hankali don ya gane. Haruna ya yi, direbobi suka yi, malamin makaranta ya yi nasa da Twi. Aka ce saura ni. Na zauna, jar fitila ta kama, sai bakina ya ƙi buɗewa, ni da na koya wa rabin Changli yadda ake yi. Haruna ya ce, "Fara da gaisuwa mana." Na ce, "Papa, ina kwana. Issaka ne. An yi ruwa. Benci yana nan inda ka bar shi." Iyakar abin da na iya ke nan.

Na ba wani direban Kumasi da na yarda da shi. Da ya dawo ya ce ya bar shi wurin wani mai shago a Mampong, wanda ya ce ya san ƙauyen, kuma ya san wani makaho mai gogaggiyar riga da aka kawo daga arewa. Amsa ba ta zo ba. Na yi shekaru, duk lorin Kumasi da ya rage gudu a bakin shagona, sai in aje reza in fito.